Lambobin da ba su kasuwa

Ranar Talatar makon jiya na shiga aji biyar ɗauke da tsohon bokitin fenti cike da marafan kwalba, tun daga bakin ƙofa yaran suka fara leƙe, wani daga can baya har da miƙewa tsaye kan benci yana cewa Malama lemu za a raba mana? Kusan wata guda na yi ina tara marafan nan, wani mai shago kusa da tasha a nan Argungu ne yake ajiye min su a leda, ƙanena ya biya ya ɗauko da yamma, ni kuma in jiƙa su a ruwan omo in wanke in shanya a tabarma, saboda yara za su taɓa kuma ka san hannun yaro ba ya nisa da bakinsa.

Darasin da na zo da shi shi ne wanda littafinmu ke kira firayim namba da kwamfozit namba, wato lambobin da ba abin da ke raba su cif sai 1 da su kansu, da kuma waɗanda ke da wasu masu raba su bayan waɗannan. Shekara ta bakwai ke nan ina koyar da shi, kuma wallahi sai bana na ji a raina cewa ya shiga, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi ko wani malami ko wata uwa za su amfana.

A da abin da nake yi shi ne abin da aka yi min lokacin da nake firamare. In rubuta ma'anar a allo da Turanci, in ja layi a ƙarƙashi, su maimaita sau goma da ƙarfi har ajin kusa da mu su ji, sannan su kwafi 2, 3, 5, 7, 11, 13 a littafi a tashi. Washegari in na tambaya za su rera min ma'anar tsaf babu kuskure ko ɗaya, amma da na ce to 9 fa, tana ciki ko ba ta ciki, sai aji ya yi tsit, sai can wani ya ce tana ciki sauran su bi shi yuu. Abin yana ci min rai ƙwarai, don na san ba daƙiƙai ba ne. Yaron da har yanzu yake fama da Turancin gaisuwa ne aka ɗora wa doguwar jimla wadda kusan kowace kalma a cikinta baƙuwa ce gare shi, ya haddace ta ne kawai don kar a duke shi, ma'anar kuwa ta bi ta rariya.

Abin da ya juya min tunani a kasuwa na gan shi. Akwai wata yarinya a ajin nan, a bencin ƙarshe take zama, zan iya cewa tun farkon zango ban taɓa jin muryarta a darasin lissafi ba, makinta kuma kullum a ƙasa. Wata ranar kasuwa na je cefane na same ta zaune gaban buhu ita kaɗai babarta ta tafi salla, tana kasa albasa irin manyan nan da ake kawowa daga Aliero. Na tsaya daga gefe ina kallo ba ta gan ni ba. Ta zazzage abin da ya rage a kwano, ta ɗan dube shi, ta fara kasawa huɗu-huɗu, da ta ga biyu za su yi saura sai ta rushe ta koma uku-uku, ya tashi cif kashi shida, duk wannan ko minti ɗaya ba a yi ba, a tsakani ma ta ba wani canjin ɗari biyar. Albasa 18 ke nan. Yarinyar da na ba wa sifili a tambayar abubuwan da ke raba 18 ita ce take raba 18 a gabana da hannunta ba tare da ta san sunan abin da take yi ba. Na dawo gida ranar jikina a sanyaye, na ce ashe abin yana hannunsu, mu ne ba mu tambaye su da yaren da suka san shi ba.

To ranar Talatar nan ban rubuta komai a allo ba. Na tura bencuna gefe, dama ba isarmu suke ba, na raba su rukuni-rukuni a ƙasa, kowane rukuni na ƙirga musu marafai 12, na ce yau kowa ɗan kasuwa ne, ku kasa min kayan nan kashi-kashi, sharaɗi biyu ne kawai, kowane kashi ya zo daidai da ɗan'uwansa ba mai fin wani, kuma ban yarda da ɗai-ɗai ba ban yarda a tara su duka wuri guda a ce kashi ɗaya ba ne. Nan da nan wasu suka yi biyu-biyu kashi shida, wasu uku-uku kashi huɗu, wasu huɗu-huɗu kashi uku, wasu shida-shida kashi biyu. Har musu ya tashi tsakanin masu uku-uku da masu huɗu-huɗu kowa na cewa nasa ne daidai, na bar su suka yi ta yi, sai da wani ya jera nasa a layi kamar kiret ɗin ƙwai ya ce ku duba ta nan uku ne ta nan kuma huɗu, abu guda ne. Ban ce masa komai ba sai Allah ya yi maka albarka, don abin da zan ɓata rabin awa ina bayani ya gama shi da juya hannu.

Sai na bi su na ƙara wa kowane rukuni murfi ɗaya ya zama 13. Nan ne aka yi darasin. Suka yi biyu-biyu ɗaya ya yi saura, uku-uku ɗaya ya yi saura, huɗu-huɗu haka, biyar-biyar uku suka yi saura, shida-shida ɗaya ya sake fita. Na kama wani yaro ya tura murfi ɗaya ƙarƙashin cinyarsa yana kiran Malama mun gama, na ce ɗaga ƙafarka, aji ya kwashe da dariya shi ma yana yi. Ana cikin haka sai na ji wata murya daga baya, a hankali, ta ce Malama wagga ba ta kasuwa. Mai albasar nan ce. Na ce ɗiyata sake faɗi kowa ya ji, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta kasuwa, ko mi aka yi sai an samu saura. Wani shaƙiyyi ya ce to in ba ta kasuwa sai ta zauna gida, aka sake fashewa da dariya, amma maganar ta zauna, tun daga ranar haka suke cewa, wannan tana kasuwa wannan ba ta kasuwa.

Sai a lokacin na ɗauki alli na ja layi a tsakiyar allo, gefe guda masu kasuwa gefe guda marasa kasuwa, muka bi daga 2 har 20 kowace sai an gwada ta da hannu kafin a rubuta ta. Marasa kasuwa suka tashi takwas, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Na ce su raɗa musu suna, aka kawo masu taurin kai, aka kawo marowata, wanda ya fi samun hannuwa shi ne gagara-rabo, ɗaya gefen kuma suka ce sha-rabo. Daga nan ne na ce to ku saurara, a takardar jarabawa ba za ku ga gagara-rabo ba, Bature firayim namba yake ce mata, sha-rabo kuma kwamfozit namba, na rubuta su da harafin Turanci suka kwafa suka maimaita. Ba na wasa da sunan Turancin ko kaɗan, da shi za su shiga kwaman entiras da shi za su tarar a sakandare, amma suna sai an haifi yaro ake raɗa shi, ni kuwa shekara shida ina raɗa suna ba jariri.

Akwai ramuka guda biyu da na san duk shekara sai an faɗa, bana sai na bari suka faɗa da kansu suka fito da kansu. Na farko shi ne cakuɗa gagara-rabo da mara. Yaro yana ganin 3, 5, 7, 11, 13 sai ya ce ai na gane, duk lambar da ba cika ba ita ce, irin na shafa'i da wutiri da ya sani a islamiyya. Da monita ya faɗi haka ban ce masa ƙarya ba ne, na ƙirga masa marafai 9 na ce to kasa min, yana yin uku-uku ya ga ta tashi ya kama baki. Na ba shi 15, ta kasu uku-uku ta kasu biyar-biyar. Sannan na juyo da su kan 2, na ce ga cika nan a cikin marasa kasuwa me ta zo yi, suka duba, marafai biyu in ba ɗai-ɗai ba ba yadda za ka yi da su. Ita kaɗai ce cika a duk dangin, domin duk wata cika da ta wuce ta ai biyu-biyu na raba ta.

Na biyu shi ne 1, kuma gaskiya wannan sai da na sake zama na yi tunani kafin in shiga aji, don amsar da aka ba mu muna yara ita ce haka dokar take. Wata yarinya ta ce Malama mi yas sa ɗaya ba ta ciki, ai ita ma ba ta kasuwa. Tambaya ce mai kyau ƙwarai. Na ɗauki marafai 7 na ce hanyoyin nan biyu da na hana ku ɗazu, yanzu na yarda, suka yi ɗai-ɗai kashi bakwai, suka tara su kashi ɗaya, hanya biyu ke nan mabambanta. Na ajiye murfi ɗaya tal na ce yi min ɗai-ɗai, ta nuna shi, na ce tara min shi wuri guda, ta sake nuna shi, abu ɗaya ne bai canza ba. Gagara-rabo masu raba ta biyu ne cif, 1 da ita kanta, sha-rabo nata sun fi biyu, ita kuwa 1 mai raba ta ɗaya ne tak, don haka ba ta nan ba ta can. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi wanda na ɗan taɓa musu, kowace sha-rabo in ka yi ta farfasa ta za ka ƙare da gagara-rabo zalla kuma hanya ɗaya ce kawai, 12 dai 2 sau 2 sau 3 ce ko ta ina ka faro, ko ta 2 sau 6 ko ta 3 sau 4. In aka shigar da 1 cikin dangi sai wani ya ce 1 sau 2 sau 2 sau 3, wani ya ƙara 1 biyu, wani goma, abin ya lalace.

Da aka kusa fita tara zafi ya yi yawa a ajin sai na fitar da su ƙarƙashin dogon yaro, na ce monita ƙirga min waɗanda suka zo yau, 59. Na ce to ku ja layi kamar na asambuli amma kowane layi ya zo daidai. Suka yi layi biyu mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya yana waige-waige, layi uku biyu suka rasa wuri, huɗu, biyar, shida, bakwai, duk ba ta yi ba, ƙura ta tashi ana ta ture-ture, sai mai albasa ta ce Malama ki shigo ciki mu cika sittin. Na shiga. Layi biyu ya yi, uku ya yi, huɗu ya yi, biyar, shida, goma, duk wanda suka kira sai ya tashi cif, suna ta ihu kamar an ci ƙwallo. Mutum ɗaya ne tsakanin 59 da 60 amma ɗaya ba ta kasuwa sam ɗaya kuwa masu raba ta goma sha biyu ne. Na ce musu wannan sauƙin rabon na 60 shi ya sa take da daɗin aiki a agogo, rabin awa minti 30, kwata 15, ba ka cika samun guntu ba, kuma tun mutanen Babila na ƙasar Iraƙi ta yanzu ake ƙirga da sittin-sittin.

Ranar Laraba muka yi tankaɗe. Na zo da bayan tsohuwar kalanda na rubuta 1 zuwa 100, goma-goma a kowane layi, na manna a allo, na kuma zo da rariyar gidanmu ta gaske na ɗaga na ce wa ya san wannan, 'yan matan duk suka ɗaga hannu, na ce in an tankaɗe gari me ke zama a sama, suka ce tsaki. Na ce to yau lambobi za mu tankaɗe, garin ya zube tsakin ya tsaya. Muka rufe 1 da takarda tunda mun gama da ita. Muka zagaye 2 muka soke duk 'ya'yanta, 4, 6, 8 har 100, guda 49 suka zube a tashi ɗaya. Muka zagaye 3 muka bi nata, waɗanda ba a riga an soke ba 16 ne. Da muka zo 5 sai shida kawai suka rage mata, 25, 35, 55, 65, 85, 95, ita kuwa 7 uku ta samu, 49, 77 da 91. Suka ce saura 11, na ce ku je ku nemo mata, suka bi 22, 33, 44 har 99 duk an riga an soke. Na tambaye su dalili, wannan kam ya ɗan yi musu tsauri sai da na taimaka, in lamba ba ta wuce 100 ba kuma tana kasuwa to dole ɗaya daga cikin masu raba ta bai wuce 10 ba, don 11 sau 11 ma 121 ne ya riga ya fita daga kalandar. Muka ƙirga tsakin da ya tsaya, 25, na ƙarshensu 97, waɗanda suka zube 74, ga 1 a gefe, ɗari ta cika.

Wannan dabarar ba tawa ba ce, ta wani masani ce Eratostinis, haifaffen Sairin a ƙasar Libiya ta yanzu, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce, kuma har yau a littattafai rariyarsa ake ce mata. Yaran sun ji daɗi da na ce musu a nan nahiyarmu ya zauna ya yi aikinsa, wani ya tambaya ko matarsa ce ta ara masa rariyar.

Yanzu bari in tsaya kan 91 don ita ce ta fi koya min abu a makon nan. Kafin mu yi tankaɗen na tambaye su 91 tana kasuwa ko ba ta kasuwa, kusan duk ajin suka ce ba ta yi, har wani malami da ya leƙo ta taga ya gyaɗa kai. Da na zauna da daddare ina duba littattafansu sai na juya bayan wani eksasais na ga dalili ƙuru-ƙuru. Jadawalin sau da ake bugawa a bayan littafi a 12 sau 12 yake tsayawa, yaro kuma in ka ba shi lamba abin da yake yi shi ne ya laluba a kansa ko ya taɓa rera ta a jadawalin, in bai ji ta ba sai ya yanke cewa ba ta kasuwa. 49 da 63 da 77 da 81 ba su ruɗa shi don ya rera su. Amma 91 ai 7 sau 13 ce, 13 kuwa ba ta cikin waƙar. Na ɗauki biro na fitar da irinsu, lambobin mara da ba su ƙare da 5 ba, suna kasuwa amma ba su a bayan littafi, guda bakwai ne a ƙasa da ɗari, 39, 51, 57, 69, 87, 91, 93. Shida daga ciki 3 ce ke raba su, kuma akwai gajeriyar hanya, ka haɗa alƙaluman lambar in abin da ya fito 3 na raba shi to ita ma tana raba ta, 51 ka ce 5 da 1 shida, 87 ka ce 8 da 7 sha biyar. Ita 91 ce kaɗai ke tsallake wannan tarkon, 9 da 1 goma, don haka na sa aka ƙirgo marafai 91 aka jera bakwai-bakwai a tsakar aji layi goma sha uku kowa ya zo ya gani da idonsa, gani ya kori ji.

Da na je gaida Baba ranar Juma'a nake ba shi labari, shi ba boko ya yi ba amma shekara da shekaru ana kiransa rabon gado a unguwa. Ya saurare ni har na gama ya yi murmushi ya ce ai wannan mun daɗe da shi. Ya ce ɗauki misali mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji ɗaya da mace ɗaya, mata tana da sumuni wato ɗaya bisa takwas, uwa tana da sudusi wato ɗaya bisa shida, asalin mas'ala 24 wato a kasa dukiyar kashi 24, mata 3 uwa 4 saura 17 na 'ya'ya, namiji rabo biyu mace ɗaya kawuna uku ke nan, to 17 ba ta rabuwa uku, wannan shi ne inkisari, kuma tsakanin 17 da 3 tabayuni ne ba abin da ya haɗa su, sai ka buga 3 a 24 ta zama 72, mata 9 uwa 12 saura 51, namiji 34 mace 17. Na ce Baba ku sake faɗin saura nawa, ya ce 51. Na ce wallahi ita ce ɗaya daga cikin waɗanda suka kayar min da yara shekaranjiya. Ya ce to ki gaya musu wanda bai san 51 tana rabuwa uku ba zai ci haƙƙin marainiya bai sani ba. Ranar Litinin da wannan na buɗe darasi, kuma ban taɓa ganin ajin ya nutsu irin haka ba, saboda kusan kowa a cikinsu ya taɓa ganin an zauna rabon gado a gidansu ko a maƙwabta.

Akwai wani ɗan siriri mai yawan tambaya, shi ne ya ce Malama to wace ce ta ƙarshe, babbarsu duka. Na ce babu, kuma ba yau aka gano ba, wani masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da haka kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ma a Iskandariyya. Na gwada masa da ƙananan, ka ce gagara-rabo uku ne kawai a duniya, 2 da 3 da 5, to buga su gaba ɗaya 30, ƙara 1 ya zama 31, raba da 2 saura ɗaya, da 3 saura ɗaya, da 5 saura ɗaya, ke nan ko dai ita kanta sabuwar gagara-rabo ce ko akwai wata da ba ka lissafa ba da ke raba ta, ko ta yaya dai lissafinka bai cika ba, kuma ko guda nawa ka tara haka za a yi maka. Ba duka suka bi ni ba, shi da wasu 'yan kaɗan ne, amma na ga idonsa. Na ƙara masa da cewa mafi girma da aka gano a watan Oktoba na 2024 alƙalumanta sun haura miliyan 41, kwamfutoci ne suka nemo ta, in kana rubuta alƙalami dubu a kowane shafi sai ka cinye shafi sama da dubu 41 kafin ka gama rubuta ta sau ɗaya. Ya ce ko biro nawa za ta sha.

Wata abokiyar aikina, kuma ba da mugun nufi ta faɗa ba, ta ce min kwana uku a kan abin da manhaja ta ba darasi ɗaya ai ɓata lokaci ne, ga hayaniya, ga shi ba a ga rubutu da yawa a littafin yara ba in masu duba makarantu sun zo. Na fahimce ta sarai, yaran sun yi yawa, lokacin kaɗan ne, kuma littafi ake dubawa ba kan yaro ba, ni ma na sha wannan matsin. Amma abin da ke gaba a manhajar shi ne babban mai rabawa da ƙaramin mahaɗi, wato HCF da LCM, bayansu rage ɓangare zuwa ƙaraminsa da haɗa ɓangarori, duk a kan wannan tubalin suke zaune, in bai kafu ba mako huɗu masu zuwa ma rera su kawai za a yi. Ta kuma ce to ina amfaninsa ga yaron da gobe gonar shinkafa zai koma ko kamun kifi. Na ce ko ba gado ba ko ba kasa kaya ba, wayar da ke hannunki da kike tura kuɗi da ita tana cin moriyarsa, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kulle saƙo a intanet, wadda aka fito da ita a 1977 a Amurka, a kan wannan aka gina ta, buga gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi amma a ba ka amsar a ce nemo su waye aka buga shi ne aiki. Na ce 17 sau 23 nawa, ta danna waya ta ce 391, na ce da 391 na fara ba ki na ce nemo min su fa, ta yi shiru tana gwada 3 da 7 a ranta. To su nasu lambobin kowace alƙaluma ɗaruruwa ne.

Mai albasa yanzu ta dawo benci na biyu, ba ni na ce ta dawo ba. Jiya da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita ta ce Malama jiya Inna ta ba ni tumatir 37 na san ba ya kasuwa tun kafin in zube shi, sai na cire ɗaya na yi gyara da shi na kasa sauran shida-shida. Na tambaye ta ko za ta iya rubuta min wannan da alƙaluma, ta karɓi allin ta rubuta 36 ta ja layi ta sa 6 sau 6, sannan a gefe ta rubuta 37 ta zagaye ta kamar yadda muka yi a kalanda.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tankaɗe 101 zuwa 200, tsaki 21 ne a ciki, kuma wannan karon sai an shigo da 11 da 13 don 121 da 143 da 169 da 187 suna nan suna jira, ga 119 da 133 da 161 'ya'yan 7 waɗanda na san za su yi musu irin abin da 91 ta yi. Marafan da nake da su ɗari huɗu da 'yan kai ne, ba za su ishi rukuni takwas ba in lambobin sun yi girma haka, na riga na ce kowa ya zo da ƙwallon dabino ko na magarya ko 'ya'yan tsamiya ashirin a wanke, mai shagon tasha ma na aika ƙanena ya ce masa ya ci gaba da ajiye min.